Daga Babankatami zuwa gungun Bubon: ranar da Inna ta ga dorina

Mai karatu, in kai ɗan Adar ne kamata, ka san abin da muke nufi in mun ce ruwa. Ruwa gare mu shi ne abin da ake jawowa da wasaki daga rijiya mai zurfi, a ɗora wa jaki, a kawo gida ana lissafinsa kamar kuɗi. Gulbin Majiya ma da muke alfahari da shi baƙon damana ne: ya zo da ƙarfinsa, ya ci gonar wanda tsautsayi ya faɗa wa, bayan ƴan kwanaki ya bar mana rairayi. Saboda haka yaron da anka haifa a ƙasar Buza, ko Keita, ko Madawa yana iya girma har ya yi furfura bai taɓa ganin ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina ba, balle dabbar da ke kwana cikin ruwa.

Wata rana na je gida Babankatami, sai babban ɗana, lokacin yana da shekara bakwai, ya zo da littafin lakwal ya nuna wa kakarsa hoton dorina. Inna ta duba ta ce ta san ta, ai ita ce anka sa ja-in-ja da giwa cikin tatsuniya. Yaron ya juyo gare ni ya ce: "Baba, kai ka taɓa ganin ta?" Ni da na ƙare lise, na haddace tsawon kogin Isa da sunayen ƙasashen da yake ratsawa, sai na tarar ban taɓa ganin dorina ba in ba cikin keji a gidan tarihi na Yamai ba. Kunyar wannan amsa ita ta sa na yi alkawali. Da hutun ƙarshen shekarar 2019 ya zo, munka ɗaura niyya mu biyar: ni, da uwargida, da yaron, da ƙanwarsa mai shekara biyar, da Inna wadda tun da take ba ta taɓa wuce Kwanni ba.

Hanyar yamma

Da farko Ayoru na so mu je, don can ne anka fi sanin gungu da dorina da babbar kasuwar Lahadi. Amma ran 10 ga Disamba na shekarar anka kai hari barikin Inates, sojojinmu 71 sunka rasu, Allah shi jiƙan su. Duk mai hankali ya san ba lokacin kai iyali arewacin Tilaberi ba ne. Wani abokin aikina ya ba ni shawara mu tsaya Bubon, wajen kilomita 25 daga Yamai, inda akwai gungu, akwai dorina, ga kuma kasuwa ran Laraba.

Munka biyo ta Buza munka sauka Madawa, nan munka kwana, da asuba munka shiga kar. Daga Madawa zuwa Yamai wajen kilomita 500 ne. Munka wuce Galmi da rumbunan albasarta, munka wuce Malbaza da ƙurar sumuntinta, sai Kwanni, sai Dogonduci, sai Doso. Inna dai idonta na bisa gonaki, ba ruwanta da garuruwa. Ita ce ta nuna mini yadda gawo ke ƙaruwa muna yin yamma, da inda jar ƙasa ta ƙare farin rairayi ya soma. Na lura wanda bai yi karatun boko ba yakan karanta ƙasa fiye da mu da munka sha taswira.

Masu dogon wuya

Kure tana bisa hanya, kamar kilomita 60 kafin Yamai. Washegarin isowarmu munka komo can da motar abokina, munka biya kuɗin shiga, anka haɗa mu da jagora. Mun yi fiye da awa guda muna yawo cikin sabara da geza, jagoran na tsayawa yana tambayar manoma da makiyaya, kafin ya ɗaga hannu ya ce a kashe mota. Ga su nan su shida gindin gawo, suna tsinkar ganye daga inda raƙumin gida ba ya kai baki. Ɗiyata ta ruga bayan kakarta ta ɓuya. Inna ta ce mata: "Hito, kishiya, wanga bai cin mutum."

Waɗannan su ne raƙuman dawa na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. Da can suna yawo tun daga Senegal har tabkin Cadi. Farauta, da saran daji, da farin shekarun 1970 da 1980 sunka taru sunka kusa ƙare su, har a 1996 da anka ƙidaya 49 kaɗai anka samu. Lokacin da munka je sun haura 600. Ba shinge aka yi musu ba, ba kuwa soja ke gadinsu ba. Cikin gonakin mutane suke. Suna cin wake, suna cin mangwaro, wani lokaci har rumbu suke leƙawa. Na tambayi jagoran yadda anka yi manoma sunka haƙura. Ya ce mini doka ta hana kisa, gaskiya ne, amma ba doka kaɗai ba ce. Albarkacin dabbar an gina rijiyoyi, an ba mata rance, samari irinsa sun samu abin yi ba su tafi bakin teku ba. Wanda aka ci wa wake yana fushi, amma ya san ƙanensa da dabbar yake ci da iyali.

Na riƙe maganar, don kwana biyu bayan haka na ji irinta daga bakin wani, sai dai da ɗaci.

Bakin Isa

Ran Laraba da hantsi munka isa Bubon. Garin yana bisa gaɓar hagu, cikin kwamin ta Karma. Da munka ɓullo ta tsakanin gidaje munka ga kogin, sai Inna ta tsaya cik. Ta daɗe ba ta ce kome ba. Can ta tambaye ni: "Yaro, wanga ruwa duka, ina shika zuwa?" Na ce Najeriya, daga nan teku. Ta ce: "Kuma ba mai tare shi?" Na ce babu. Ta girgiza kai ta ce Allah mai iko.

Mun zo a kan gaɓa, don kogin cike yake. Isa yana cika sau biyu a Yamai. Na farko cikin Agusta da Satumba, da jan ruwan damanarmu. Na biyu cikin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, da ruwan da ya zuba a duwatsun Gine tun damana, ya yi wata da watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mu. Wato lokacin da rijiyoyin Adar ke soma ja da baya, lokacin ne Isa ke tumbatsa da ruwan wata ƙasa. Tsawonsa ya kusa kilomita 4.200, 550 daga ciki a ƙasarmu. Kada dai girmansa ya ruɗe mu: a 1985 ya tsaya cak a Yamai, mutane na ƙetare shi da ƙafa.

Kasuwar Bubon rabinta bisa tudu take, rabinta bakin ruwa. Jirage na isowa daga gungaye da ƙauyukan ƙetare ɗauke da itace, da shinkafa, da kabewa, da busasshen kifi, da awaki an ɗaure su ƙafa huɗu. Amma abin da ya fid da sunan garin shi ne tukwane. Matan Bubon ke gina su da hannu, su gasa su a fili, su yi musu zane da fari da ja. Inna ta tsuguna gaban wata tsohuwa, ta ɗauki tulu ta ƙwanƙwasa da yatsa ta kara kunne. Ita ba ta jin Zabarmanci, tsohuwar kuma Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba, amma sunka yi kusan rabin awa tare, wagga na nuna yumɓu, waccan na kwatanta yadda ake yi a Adar. Da sunka rabu, tsohuwar ta yi mata gyara da ƴar kasko. Ƴan kasuwa masu karanta wannan shafi sun fi ni sanin cewa ciniki harshe ne mai zaman kansa.

Cikin jirgi

Mai jirgin da munka yi jinga da shi, a kan jikka biyar, Basarke ne mai kimanin shekara hamsin. Hausa ce a bakinsa garau, ya ce kakanninsa ta wajen uwa daga Kabi sunka biyo kifi. Shi ya tuna mini cewa kalmar gungu tamu ce mu da Zabarmawa baki ɗaya: ita ce cikin Ayoru Gungu, ita ce cikin Lete Gungu na ƙasar Gaya, wanda kotun duniya ta Lahay ta tabbatar wa Nijar ran 12 ga Yuli 2005 bayan jayayyar shekara arba'in da Benin, ita ce kuma cikin sunan Gungawan Yawuri.

Shigar da Inna cikin jirgin sai da anka yi da gaske. Ta ce ita abin da ba shi da ƙafa ba shi da taya ba ta yarda da shi ba. Jikanta ya kama hannunta ya ce shi zai tsare ta. Ta yi dariya ta ce: "To, maigida, in na nutse kai za a tambaya." Ta yi bisimilla ta shiga, ta zauna tsakiya ta riƙe katako da hannu biyu.

Kafin mu ga dorina mun ga abin da ya isa kallo. Balbelu sun rufe wata bishiya kamar an shanya farin kaya. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya cikin burgu. Garken kirinjijiya ya tashi gabanmu da kukansa mai kama da fito. Wani guza ya sulale daga kan dutse ya faɗa ruwa. Mai jirgin na kiran sunan kowane da Hausa da Zabarmanci, yara na maimaitawa. Na tambaye shi ayu. Ya ce akwai shi can ƙasa wajen Gaya da inda burgu ya yi kauri, amma shi kansa ya fi shekara goma bai sa shi a ido ba. Masu neman mansa da fatarsa sun rage shi ƙwarai.

Can ya daina tuƙi, ya sa yatsa a baki, ya nuna da haɓa. Ni duwatsu na gani, baƙaƙe guda huɗu. Sai ɗaya daga cikin duwatsun ya kaɗa kunne, ya yi wani huci, ruwa ya tashi kamar hayaƙi. Wata ta buɗe baki, haƙora kamar taɓare. Ɗana ya ce tana hamma. Mai jirgin ya ce ba hamma ba ce, kashedi ne, yana faɗa yana ja da mu baya sannu a hankali. Ya nuna mana ɗan ƙaramin kai kusa da ita. Uwa mai ɗa ita ce tafi kowace haɗari, in ji shi, sai kuma namijin da anka kora daga garke.

Babban namijin dorina yana wuce tan ɗaya da rabi. Takan nutse kamar minti biyar ba ta ɗago ba. Yini take cikin ruwa don fatarta ba ta jure rana, da dare ta fito kiwo, ta ci ciyawa wajen kilo 40 kafin gari ya waye. Inna ta saurara da kyau, sannan ta yi tambayar da ni ɗan jarida ban yi tunaninta ba: "To, ciyawar wa taka ci?"

Mai jirgin ya dube ta ya ce: "Inna, kin taɓo inda ke ciwo."

Abin da anka faɗa mana a gungu

Munka sauka gungun, munka zauna inuwar mangwaro. Bisa kanmu jemagu ne ɗaruruwa rataye kamar ƴaƴan itace, yara sunka shagala da su. Uwargida ta kwance ƙunshin dambu da soyayyen kifin da ta sayo kasuwa. Muna ci mai jirgin na ba mu labari.

Ya ce da can tsakanin Sarkawa da dorina akwai ƙa'ida. Su ke farautarta da zago, ba kullum ba, sai an yi shiri an nemi izini wurin manya, naman kuma a raba wa gari duka. Irin wannan farauta ce Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauka a sinima wajen Ayoru a farkon shekarun 1950, tare da abokinsa Damure Zika, wanda shi ma Basarke ne. Rouch ɗin kuwa bisa hanyarmu ya rasu, cikin haɗarin mota kusa da Kwanni, a Fabrairun 2004. Yanzu dokar farauta ta 1998 ta hana taɓa dorina sam. Dabbar ta ƙaru, mutane ma sun ƙaru, fadamun burgu da take kiwo an mai da su gonakin shinkafa da garake. In dare ya yi ta fito, abin da ta tarar shi take ci. Garke guda na iya share wahalar wata huɗu kafin asuba, mai gona kuwa ba shi da inda za shi kai kuka a biya shi.

Ba gona kaɗai ba. A Nuwamban 2014 dorina ta kife jirgi a Libore, kusa da Yamai, mutum 13 sunka rasu, 12 daga ciki yara ne, galibinsu ƴan lakwal masu ƙetarawa zuwa karatu. A 2017 mutanen ƙasar Ayoru sunka fusata sunka kashe dorina aƙalla 27 cikin ƴan watanni, anka kama wasu, gari ya ɗau zafi. A shekarar ce gwamnati ta keɓe wa dorina wurin zama na musamman a yankin Kandaji. Mai jirgin ya ce takarda tana da kyau, amma dorina ba ta karatu.

Na ce masa, to kai me ya hana ka ƙin ta? Ya ce: "Malam, ran da na kawo irinku, dorina saniyata ce, tatsarta nike. Ran da ba kowa, ɓarauniya ce kawai." Ya ƙara da cewa da Turawa ne ke cika jiragensu, yanzu sun ragu, ƴan ƙasa kuwa in ya ɗauki iyali ɗaya cikin wata ya gode Allah.

Inna ta ce ta gane. Ta ba shi labarin aikin Keita, wanda anka soma a 1984 da taimakon Italiya, ya kuma faɗaɗa zuwa ƙasar Buza cikin shekarun 1990. Ita da ƴan uwanta mata sun ɗauki duwatsu a ka, sun yi shingen tare ruwa, sun dasa itace bisa fako, ana biyansu da abinci. Ta ce itacen da anka ce na gwamnati ne, da dare anka sare shi. Wanda anka ce na mai gona ne, yana nan har yau ana shan inuwarsa. Basarken ya ce ashe tudu da ruwa ciwonsu ɗaya.

Kafin mu koma jirgi ta sa jikanta ya cika mata kwalba da ruwan Isa. Ta ce in ta faɗa wa matan unguwa da baki ba za su yarda ba.

Bayan komawa

Wata takwas bayan tafiyarmu, ran 9 ga Agusta 2020, ƴan bindiga sunka kashe mutum takwas a dajin Kure, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, ɗaya daga cikinsu shugaban jagororin wurin. Tun daga nan baƙi sunka ɗauke ƙafa daga Kure da gungayen Isa. Duk lokacin da na tuna maganar saniya da ɓarauniya sai gabana ya faɗi, don na san wake da shinkafa ba su daina ciwuwa ba, abin da ke sa a haƙura ne ya yanke.

Nan ne nake so in yi magana da ku, ƴan uwana ma'aikata da ƴan kasuwa. Mukan yi tanadi mu kai iyali Kotonu ko Lome su ga teku, mai hali ya wuce Dubai, amma ɗiyanmu ba su san gauraka ba sai a hoto. Mun bar kallon dabbobin ƙasarmu ga Turawa kamar wani aikin da bai kamace mu ba, shi ya sa da sunka tafi ba wanda ya maye gurbinsu. Ba ina cewa kowa ya kwashi iyali ya faɗa inda ba lafiya ba. Kafin ka kama hanya, tambayi hukuma da mutanen wuri, in sun ce a dakata ka dakata. Amma ba ko'ina ne ya rufe ba, kuma mu mutanen Adar ba sai mun yi nisa ba. Tabkin Tabalak, tsakanin Tawa da Abalak, yana karɓar tsuntsaye masu ƙetaro hamada daga Turai duk lokacin sanyi. Gabas da mu kuma, a gandun dajin Gadabeji, an maido raƙuman dawa takwas daga Kure a Nuwamban 2018, bayan kusan shekara hamsin da ɓacewarsu a wurin, an kuma ƙara wasu a 2022. In ka je, ka biya jagora haƙƙinsa ba tare da ƙwaron ciniki ba, ka sayi abin da matan wurin ke saidawa, don da wannan ɗan kuɗin ne ake sayen haƙurin maƙwabtan dabba.

Ga hukuma kuma kira ɗaya gare ni. Dokar da ta ce kada a kashe, ya kamata ta faɗi wanda zai biya in an yi ɓarna. Muddin manomi shi kaɗai ke ɗaukar asara, ƙasa duka kuwa na alfahari da hoton dabbar bisa tambur da kalanda, to ranar fushi irin ta 2017 za ta sake zuwa.

Tulun Bubon yana nan ɗakin Inna a Babankatami, ta ce ruwansa ya fi na kowane sanyi. Kwalbar ruwan Isa kuwa, bayan ta gama zagaya unguwa da ita, ta juye ta gindin wani ɗan gawo da ya tsiro bayan gida. Ɗana ya shiga kolej yanzu, ƙanensu da anka haifa bayan tafiyar shi ke ɗauko littafi yana tambaya ko na taɓa ganin dorina. Nakan ce na gani, har da ɗanta. Sai ya ce shi yaushe za a kai shi. Allah shi zaunar da ƙasarmu lafiya, shi ba mu ikon cika wannan alkawali tun kakarsa na da ƙarfin shiga jirgi.